Fara, shamuwa da manomi

  

Yau za mu yi magana a kan fara. Kowa ya san fara. Yaro ya san ta, tsoho ya san ta. Muna kama ta mu soya, muna sayen ta a kasuwa. Wata shekara kuma ita ce ke cinye mana gona, ta bar rumbu wayam. Za mu duba abu huɗu: irin farar da ke yi mana ɓarna, tsuntsayen da ke taimakon mu a kanta, hatsarin maganin feshi, da abin da ya kamata gari ya yi in fara ta bayyana. Ku saurara da kyau. Wanda ya iya rubutu ya riƙe alƙalami.

Fara ba iri ɗaya ba ce

A ƙasarmu Nijar akwai fara iri-iri. Akwai babe, babba, wadda ake so wajen suya. Akwai farar tumfafiya mai ado, wadda ba a ci, don tana ɗauke da dafin ganyen da take ci. Akwai ƙanana masu yawa da ke tsalle cikin ciyawa, ba su cutar kowa. Amma guda biyu ne manomi ya kamata ya sani ƙwarai.

Ta farko ita ce farar gida, wadda ake haifa cikin gonakinmu da makiyayarmu. Masana suna kiran mafi ɓarna daga cikinsu farar Senegal. Ta biyu ita ce fara ɗango, baƙuwa, wadda ke saukowa daga arewa kamar hadari.

Farar gida

Farar Senegal ƙarama ce, tsawonta bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba. In kun kama ta, ku duba bayan wuyanta. Za ku ga zane fari-fari kamar alamar «sau» ta lissafi. In kun buɗe fiffikenta na ciki, za ku ga baƙin layi ya lanƙwashe a kansa.

Ga yadda take rayuwa. A ƙarshen damana, macen tana tura ƙarshen cikinta cikin rairayi, ta zuba ƙwai a dunƙule, ta rufe su da kumfa. Uwar ta mutu. Ƙwan ya zauna cikin ƙasa. Sanyi ya zo ya wuce, bazara ta zo da zafinta, ƙwan yana nan, wata bakwai ko takwas, bai lalace ba. Ranar da ruwan shuka ya jiƙa ƙasa, sai ƙwan ya farka. Bayan kamar sati biyu, ɗiyan fara su fito.

Ku lura da wannan lokaci. Ruwan da ya sa kuka fita shuka, shi ne ya tada ƙwan fara. Saboda haka hatsi yana tsirowa, ɗiyan fara suna fitowa. Su ne ke gutsure shuka tun tana ganye biyu ko uku, har mutum ya sake shuka sau biyu, sau uku, iri ya ƙare masa.

Cikin damana guda, wannan fara tana iya haihuwa zubi uku. In ruwa ya yi yawa a kudu, sai masu fiffike su bi iska da dare su yi arewa, wajen makiyaya. In ciyawar arewa ta fara bushewa cikin Satumba da Oktoba, sai su juyo kudu. A lokacin nan hatsi ya fid da kai, ƙwayarsa tana da ruwa kamar madara. Sai su hau zangarniya su cinye. Ashe ke nan sau biyu farar gida ke cutar manomi: farkon damana da ƙarshenta. Ta yi babbar ɓarna a ƙasashen Sahel cikin 1974 da 1975, ta sake yi cikin 1985 da 1986, wato lokacin da ruwa ya dawo bayan shekarun fari.

Fara ɗango

Fara ɗango ta fi girma. Tsawonta ya kai santimita 6 zuwa 8. Mazauninta hamada ce. A ƙasarmu tana zaune a Tamasna da duwatsun Abzin, cikin jahar Agadas da arewacin Tawa. Akwai ta kuma a arewacin Mali, da Muritaniya, da Cadi, da Sudan, har ƙasashen Larabawa da Indiya.

Wannan fara tana da hali biyu. In ba ta da yawa, kowace tana zaman kanta. Launinta kamar na ƙasa ne ko na ciyawa, tana gudun ƴan uwanta, tana tashi da dare. A wannan hali ba ta cutar kowa. Makiyayi ma yana iya wuce ta bai gan ta ba.

Amma wata shekara ruwa yana sauka da yawa cikin hamada. Ciyawa ta tsiro cikin ƙoramu. Fara ta ci ta ƙoshi, ta yi ƙwai cikin rairayi mai laima. Macen ɗango tana tura ƙwanta zurfin santimita 10 zuwa 15, kuma a zubi ɗaya tana iya yin ƙwai 80 ko fiye. Ƙwan ya ƙyanƙyashe cikin kamar sati biyu. Ɗiyan su yi wata ɗaya ko kwana 40 suna tafiya a ƙasa, suna saɓa, kafin su yi fiffike.

Sa'an nan ciyawa ta fara bushewa. Sauran ɗanyen ganye ya rage a wurare kaɗan. Duk fara ta taru a nan, tana gogar juna. Wannan gogayya, musamman a ƙafafun baya, ita ke canza mata hali. Mai gudun ƴan uwanta ta koma mai neman su. Launi ma ya canza. Ɗiyan su zama baƙi da rawaya, su jeru suna tafiya wuri ɗaya kamar runduna. Masu sabon fiffike su yi ja-ja. In sun isa yin ƙwai su koma rawaya. Daga nan sai su tashi da rana, su bi iska. Suna iya cin kilomita 100 zuwa 150 a yini guda. Cikin Oktoba 1988 iska ta ɗauki wata runduna daga Afirka ta Yamma, ta ƙetare tekun Atalantika da ita, har tsibiran da ke kusa da Amurka, tafiyar kilomita wajen 5,000.

Mu yi lissafi tare

Ku ɗauki allo ko takarda.

Fara ɗango guda tana da nauyin giram 2. Kowace rana tana cin ganye daidai nauyinta, wato giram 2. Wannan ba komai ba ne. Amma runduna da ta rufe fili mai tsawon kilomita 1 da faɗin kilomita 1 tana da fara miliyan 40, wani lokaci har miliyan 80. Mu ɗauki miliyan 40. Miliyan 40 sau giram 2, giram miliyan 80 ke nan. Wato kilo 80,000. In buhu kilo 100 ne, nauyin buhu 800 ke nan, a rana guda. Kuma wannan ƙaramar runduna ce.

Ga lissafi na biyu. In ruwa da ciyawa sun samu, fara ɗango tana ninkuwa kamar sau 20 cikin wata uku. Guda 1 ta zama 20. Bayan wata shida, 20 sau 20, ta zama 400. Bayan wata tara, 400 sau 20, ta zama 8,000. Kun ga dalilin da ya sa ake cewa a tare ta tun tana ƙarama. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da fara ta yi mana a baya

Cikin 1931 an yi babbar yunwa a yammacin ƙasarmu, bayan fara ta cinye gonaki. Mutane da yawa sun mutu, wasu sun bar garuruwansu. Cikin 1988 fara ɗango ta mamaye ƙasashen Sahel, da Nijar a ciki.

Ta 2004 kuwa, da yawa daga cikinku sun gani da idonsu. Cikin 2003 an yi ruwa sosai a hamada. Fara ta yi yawa, ta wuce Maroko da Aljeriya, ta hayayyafa can, sa'an nan ta juyo mana da damanar 2004. A shekarar kuma ruwa ya ɗauke da wuri. Fari da fara suka haɗu. Gonaki da makiyaya na Tilaberi, da Tawa, da arewacin Maraɗi da Damagaram suka lalace. Cikin 2005 hatsi ya yi tsada, bisashe suka faɗi, gidajen likita suka cika da yara masu tamowa.

Bayan wannan masifa gwamnati ta kafa cibiyar ƙasa ta yaƙi da fara, mai sansani a Agadas. Aikin ma'aikatanta shi ne su shiga Tamasna da Abzin bayan ruwa, su nemo inda fara ke taruwa, su kashe ta kafin ta tashi. Ƙasashen yankin suna musayar labari tsakaninsu, tare da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO. A Yamai kuma akwai cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa cikin 1974, mai bin labarin ruwa, da ciyawa, da ƙwari a ƙasashen Sahel. Amma ƙasarmu tana da faɗi. Idon ma'aikaci ba ya kai ko'ina. Idon manomi da na makiyayi su ne ke fara ganin fara.

Shamuwa da ƴan uwanta

Yanzu mu zo ga abokan manomi. Ta farko ita ce shamuwa.

Kun san ta: baƙar tsuntsuwa mai farin ciki, mai dogon baki da dogayen ƙafafu. Tana iso mana wajen Afrilu da Mayu, kusa da watan bakwai na lissafin manoma. In an gan ta bisa kuka ko tsamiya ko gawo na tsakar gari, sai a ce damana ta kusa, a fara gyaran gona. Iyayenmu sun hana yara jifan ta, sun hana a taɓa ƙwanta. Wannan al'ada tana da hikima.

Me ke kawo shamuwa? Abinci. Babban abincinta fara ce, da tsutsa, da sauran ƙwari, wani lokaci da kwaɗo da ƙadangare. Tana zuwa gab da ruwa, ta yi sheƙa da ƙirare, ta yi ƙwai biyu ko uku, ta kwanta a kansu kamar wata guda. Lokacin da ɗiyanta suka fito suna kukan yunwa, lokacin ne ɗiyan fara suka cika daji. Uwa da uba su wuni suna tafiya cikin gona da saura, suna tsintar fara ɗaya bayan ɗaya, su dawo su amayar wa ɗiyansu. Kullum haka, har ɗiyan su yi fiffike.

A ƙarshen damana shamuwoyi suna taruwa garke-garke, ɗaruruwa, wani lokaci dubbai, a inda fara ta fi yawa, kamar makiyayar Damagaram da Difa. Su ci su yi ƙiba, don tafiya ce mai nisa a gabansu. Masu bincike sun ɗaura wa wasu shamuwoyin Nijar ƴan na'urori masu nuna inda tsuntsu yake. Aka ga sun yi gabas, sun yi kudu, har ƙasar Tanzaniya, wasu ma sun wuce nan. Can damana tana farawa lokacin da tamu ta ƙare. Su yi watanni suna cin fara da tsutsar gonakin can, sa'an nan su juyo gida. Shamuwa damana take bi duk inda ta je.

Ta biyu ita ce belbela, fara fat, mai bin shanu. In saniya tana tafiya cikin ciyawa, fara tana tashi daga ƙarƙashin kofatonta, belbela ta cafke. Akwai shirwa, wadda mata ke kuka da ita saboda ƴan tsaki, amma da damana fara da gara ne yawan abincinta. Akwai cilakowa, da burtu, da hankaka, da zabin daji. Da sanyi kuma wasu shahuna suna zuwa mana tun daga Turai, su yi watanni suna shawagi bisa saura suna kamun fara. A gida akwai kaji da zabi. A ƙasa akwai ƙadangare, da kwaɗo, da bushiya. Duk waɗannan ma'aikata ne da ba a biyan su ko dala.

Gaskiya ce, in rundunar ɗango ta sauka, tsuntsaye ba su iya cinye ta. Ta fi ƙarfinsu. Amfaninsu yana gun farar gida, da kuma farkon abu, lokacin da fara ba ta yi yawa ba. Duk macen farar da shamuwa ta haɗiye kafin ta yi ƙwai, ƙwanta ba za su jira ku cikin ƙasa baɗi ba.

Wani zai ce: ai tsuntsaye ma suna cin hatsi. Haka ne. Jan-baki yana sauka bisa hatsi da dawa da shinkafa, ya yi ɓarna mai yawa. Amma kada a haɗa su duka a yi musu hukunci ɗaya. Ku duba bakin tsuntsu. Mai gajeren baki mai kauri, kamar na jan-baki, shi ne mai fasa ƙwayar hatsi. Mai dogon baki kamar shamuwa da belbela, ko mai lanƙwasasshen baki kamar shaho, ba ruwansa da zangarniya.

Tsuntsu kuma yana bukatar icce. Garin da aka sare manyan itatuwansa, shamuwa ba ta da inda za ta yi sheƙa, sai ta wuce gaba. Manoman Maraɗi da Damagaram da suke barin gawo da kalgo da sabara su tashi cikin gona, tun shekarun 1980, sun samu taki, da makamashi, da abincin bisashe. Sun kuma samar wa masu cin fara wurin sauka.

Maganin feshi: a yi hattara

In fara ta yi yawa, dole a yi feshi. Amma ku sani, maganin ƙwari guba ne. Abin da ya kashe fara yana iya kashe zuma, da kifi, da tsuntsu, da akuya, da mutum. In shamuwa ta tsinci farar da aka fesa wa guba ta kai wa ɗiyanta, suna iya mutuwa cikin sheƙa. Manomi ya kashe maƙiyinsa na bana, ya haɗa da mai taimakon sa na baɗi.

Babban hatsari a ƙasarmu shi ne wannan: muna cin fara. Mata da yara suna fita da asuba, lokacin da sanyi ya hana ta tashi, su kama, su dafa da gishiri, su shanya, su soya da yaji. Abinci ce mai gina jiki, fiye da rabin nauyin busasshiyar fara abin gina jiki ne. Sana'a ce kuma da ke rufa wa gidaje da yawa asiri, daga ƙauye har kasuwannin Maraɗi da Yamai. Amma farar da aka yi wa feshi ba abinci ba ce. Dafuwa ba ta fid da gubar. Suya ba ta fid da ita. Shanya ma haka. Farar da kuka iske a ƙasa matacciya, ko tana layi ba ta iya tashi da rana tsaka, kada ku ɗauka. Kada ku ba kaji. Wanda ya kwashe irin wannan ya kai kasuwa, ran ɗiyan mutane ya sa cikin hatsari.

Ga ƙa'idodi. Mai koyarwa ya rubuta su bisa allo.

1. Kada a sayi maganin da ba shi da takarda a jikinsa, ko wanda aka juye cikin kwalbar lemo. A tambayi malamin gona wanda hukuma ta yarda da shi.

2. A duba layin launi da ke ƙasan takardar. Ja, guba ce mai tsanani. Rawaya, mai hatsari. Shuɗi da tsanwa sun fi sauƙi, amma su ma guba ne. Hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu yana nufin mutuwa.

3. Mai feshi ya sa riga mai dogon hannu, da dogon wando, da takalmi rufaffe. Ya rufe hanci da baki da hannu. Kada ya ci goro, ko ya sha taba, ko ya sha ruwa yana cikin aiki.

4. A yi feshi da safe ko da marece. Ban da rana tsaka, ban da lokacin iska mai ƙarfi. Kada mai feshi ya fuskanci iska.

5. Yaro, da mai ciki, da mai goyo, ba su feshi, ba su tsayawa kusa.

6. A sanar da gari duka, da makiyaya, wurin da aka fesa. A hana bisashe shiga, a hana kamun fara da tsinkar ganyen miya, har kwanakin da malamin gona ya faɗa su cika.

7. A nisanci rijiya, da tabki, da amya, da itatuwan da tsuntsaye suka yi sheƙa.

8. Bido ko gwangwanin magani, in ya ƙare, ba a zuba masa ruwan sha, ko nono, ko mai. Wanki ba ya tsarkake shi. A huda shi, a mayar wa ma'aikatan gona.

In guba ta kama mutum, ga alamunta: ciwon kai, jiri, zufa mai yawa, miyau yana dalala, amai, zawo, gani dishi-dishi, numfashi da ƙyar. A fid da shi daga wurin. A tuɓe masa tufafin, a wanke masa jiki da ruwa da sabulu. Kada a ba shi nono ko mai, kada a tilasta masa amai. A kai shi gidan likita nan take, a tafi da gwangwanin maganin ko takardarsa, don likita ya san irin gubar.

Maganin da ba ya kashe tsuntsu

Akwai wani labari mai daɗi, kuma daga ƙasarmu ya fito. Fara ma tana da cutarta. Wata irin funfuna ce da ke kama ta. An samo irin wannan funfuna a jikin wata matacciyar fara a nan Nijar. Masana suka raya ta, suka gauraya ƙurarta da mai, suka mai da ita maganin feshi. Cikin shekarun 1990 an gwada shi bisa manyan filaye a wajen Maine-Sorowa, a kan farar Senegal, ya yi aiki. Ana sayar da shi da sunan Green Muscle.

In ƙurar ta sauka a jikin fara, sai ta tsiro, ta huda fata, ta shiga ciki. Bayan ƴan kwanaki fara ta rage cin abinci. Cikin sati ɗaya zuwa uku ta mutu. Wannan magani fara kaɗai yake kamawa. Ba ya kashe shamuwa, ba ya kashe belbela, ba ya cutar bisashe. Tsuntsaye ma sun fi jin daɗin kama farar da ta yi rauni, sai aikin ya zama biyu. Aibinsa guda: ba shi da sauri. Wanda ya fesa yau ya zo gobe yana neman gawa, zai ce maganin banza ne. Saboda haka ya fi amfani a kan ɗiyan fara, tun suna cikin ciyawa ba su shiga gona ba.

Abin da gari zai yi

Tun da rani, ku tuna wuraren da fara ta taru ta yi ƙwai a ƙarshen damana. In wurin bai da faɗi, a kafce shi, ƙwan ya fito sarari, rana ta ƙona shi, tsuntsaye da tururuwa su cinye.

Bayan ruwan shuka da kwana 10, ku fara zagaya bakin gona da saura, da safe. Ɗiyan fara cikin ciyawa suke fara zama kafin su shigo shuka. Noman farko da wuri yana rage musu maɓoya.

In kun ga ɗiyan fara sun jeru suna tafiya, a yi gayya. A gina dogon rami a gabansu, a kora su ciki da rassan icce, a rufe da ƙasa. Kakanninmu sun yi haka, kuma yana aiki muddin ba su yi fiffike ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In kai ka tsare gonarka, maƙwabcinka bai tsare tasa ba, gobe farar tana wurinka.

Abu mafi girma shi ne kai labari da wuri. A gaya wa maigari, a gaya wa malamin gona ko ma'aikatar kare tsirrai mafi kusa, ko da ta wayar salula. Kada a ce kawai «fara ta zo». A rubuta waɗannan:

Sunan wurin, da ranar da aka gan ta.
Launinta: kalar ƙasa, baƙi da rawaya, ja-ja, ko rawaya.
Tana da fiffike ko ba ta da shi.
Daga ina ta fito, ina ta nufa.
Tana ci ne, ko tana barbara, ko tana tura ciki cikin ƙasa.
Faɗin wurin da ta rufe, ko da da taki aka auna.

A kama biyar ko goma a sa cikin kwalba a haɗa da takardar. Da wannan ma'aikaci zai san ko farar gida ce ko ɗango, ya san irin kayan da zai zo da su. Makiyaya da masu raƙuma da ke ratsa arewa, ku ne kuka fi kowa kusa da mahaifar ɗango. In kun ga tana taruwa cikin ƙorama, ko launinta ya fara canzawa, ku faɗa a gari na farko da kuka sauka.

Tambayoyi don tattaunawa cikin aji

1. Fara iri nawa kuka sani a garinku? Ku rubuta sunayensu. Wace ake ci, wace ba a ci?

2. Wane lokaci ne fara ta fi yi muku ɓarna, farkon damana ko ƙarshenta?

3. Ku ƙirga sheƙar shamuwa nawa ke garinku bana. Ku tambayi tsofaffi ko da ta fi haka yawa. In ta ragu, me ya kore ta?

4. In an yi feshi kusa da garinku, wa zai sanar da mata masu kamun fara da makiyaya?

5. Ina kuke kai gwangwanin maganin ƙwari in ya ƙare?

Mai koyarwa ya tattara amsoshinku ya aiko mana. Sati mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan jan-baki da yadda ake tsare hatsi daga gare shi. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mana gonakinmu. Mu kwana lafiya.